Doguwar Rakiyar Tasalla

Can ƙarƙashin ƙasar da muke takawa, ƙasa da inda masu haƙar rijiya ke ajiye diga su ce sun gaji, akwai wani birni da ake kira Birnin Iri. A cikinsa kowace ƙwayar tsiro ke karɓar guzurinta kafin ta fito duniya. Mutum ɗaya na sani da ta taɓa shiga birnin nan ta fito da ƙafarta, ita ce Tasalla ta Tudun Shantu. Ba malanta ce ta kai ta ba, ba kuma tsafi ba. Ciyawa ta bi.

Tasalla mace ce ƙaƙƙarfa, ta manyanta, ga ta da wushirya wadda take ji da ita kamar ita ta yi wa kanta. Mijinta Jatau ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure a nesa, gida ya rage daga ita sai kaji. Abin da ta dogara da shi lambu ne a bakin fadama, gadon mahaifiyarta, inda take noma tattasai da yakuwa da wata irin albasa ja wadda babu mai irinta a duk karkarar nan sai ita.

Amma ba albasa ce ta yi mata suna ba, surutu ne da rakiya. In ta ziyarci aminiyarta Ladingo, Ladingo ta taso ta raka ta, to sai ƙofar gidan Tasalla. Can kuma Tasalla ta ce, "Haba, ke kaɗai za ki koma? Mu je in taka miki." Su juya. Haka za su yi ta safa da marwa a kan hanya ɗaya har tuwon kowa ya huce. Dalili kuwa, akwai maganar da bakin Tasalla bai taɓa iya furtawa ba tun da aka haife ta, wato ta dubi mai rakiya ta ce, "Rakiyar ta isa, koma haka."

Ana nan, wata damina sai ga wata baƙuwar ciyawa ta tsiro a gindin rijiyar lambun, da fure mai ruwan shuni, kyakkyawa abinta. Tasalla ta bar ta don kyau. Kafin kaka, ciyawar ta cinye fangalin yakuwa. Tasalla ta sa fartanya ta daddatsa ta, kowane guntu ya kama ƙasa ya zama uwa. Ta koro awaki, suka shinshina suka kau da kai. Ta tara ta cinna mata wuta, ruwan farko na sauka ta fito kore shar, har ta fi da yawa. Ladingo ce ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Wannan ai sunanta Na-zo-ke-nan." Sunan ya bi ta.

Da shekara ta zagayo, fangali ɗaya tak ya rage, wanda aka bar jar albasar nan ta yi kai don a sami iri. Kawunan sun yi fari, ba su kai ga nuna ba, ga Na-zo-ke-nan ta kewaye su ta ko'ina. In ta rufe su, albasar uwar Tasalla ta ƙare a duniya ke nan, kuma Tasalla ba ta da abin shukawa baɗi.

Wata safiya Tasalla ta ci ɗamara da gyale, ta nufi uwar ciyawar da ke gindin rijiya, ta cafke ta da hannu biyu ta ce, "Yau ko ni ko ke!" Ta ja. Saiwa ta biyo, ta yi ta biyowa kamar ana warware igiyar guga, ba ta da niyyar ƙarewa. Tasalla ta tokare ƙafa ta fizga da ƙarfin tsiya, sai ƙasa ta buɗe, ta afka, tana salati tana zagin ciyawa duk a numfashi ɗaya.

A kan tulin ƙaiƙayi ta faɗa, a gaban wata ƙofa da aka sassaƙa da ƙwallon giginya guda. Wani aljani na tsaye a bakinta, gemunsa na masara ne har gwiwa, hularsa ɓawon gyaɗa.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, iska ce ta kawo ki, ko ruwa, ko tsuntsu, ko jikin matafiyi? Domin ba a shiga birnin nan, ba a fita, sai ta ɗayansu."

Tasalla ta kakkaɓe zani ta ce, "Fushi ne ya kawo ni, Malam. Ina mai garin?"

Aljanin ya shafa gemu ya ce, "Tun da nake tsaron ƙofar nan ban taɓa jin wannan abin hawa ba. Magajiyar Iri tana can tsakiyar birni. Ki bi saiwar da ke hannunki, kada ki sake ta." Ya tura ƙofa.

Ba ta yi nisa ba hanya ta yanke a bakin wani rami wanda ba a ganin ƙasansa, ba a hango ƙetarensa. Sama da ramin kuwa fari fat, cike da 'ya'yan tumfafiya da danginsu, kowace ƙwaya da farin gashi a ka, suna lilo suna guɗa.

Babbarsu ta sauko daidai hancin Tasalla ta ce, "Aminci ya tabbata ga baƙuwa mai nauyi. Mu ne masu tashi. Ba mu ɗaukar guzuri don kada ya danne mu. Mukan tashi dubbai, wasu su faɗa ruwa, wasu kan dutse, in ɗaya ta sauka a ƙasa mai laima ta fanshe mu duka. Buɗe gyalenki."

"Ni za ku ɗauka? Kun san buhun albasa nawa nake sungumar wa kaina?"

Ba su saurare ta ba. Suka cika gyalen maƙil, suka shiga ɗankwali, wata iska ta taso, sai ga Tasalla a sama, ƙafafu na reto. Wayyo, ranar ta kira sunan kakanninta har da waɗanda ba ta sani ba! Takalmanta suka suɓuce suka tafi, ba ta ji faɗuwarsu ba. Amma duk da haka, kafin su dire ta a ƙetare sai da ta tambayi babbar tasu wa ke yi mata kitso.

Daga nan ta shiga wani lungu matsattse, unguwar masu ƙugiya. Ƙarangiya ce da kashin yawo da sauran 'yan'uwansu, jere gefe da gefe kamar dogarai. Suna ganinta suka yi sowa, "Mai tafiya! Mai tafiya!" Suka yi tsalle suka maƙale mata, zani, riga, gashi, har gira. Nan da nan nauyinsu ya durƙusar da ita.

Shugabansu, wani kashin yawo mai ƙaho biyu, ya hau kafaɗarta ya ce, "Ki yi haƙuri, ya ke ma'abociyar zani mai kauri. Mu ba mu tafiya, tafiya ake yi da mu. Wutsiyar saniya, gashin tunkiya, bakin wandon fatake, duk jiragenmu ne. Wanda muka runguma ba mu sakinsa sai ya kai mu inda ba mu taɓa zuwa ba."

Tasalla ta ga in ta ƙara jinkiri a nan za a binne ta da rai. Sai ta haɗe fuska ta daka tsawa, "Kai, marasa kunya! Haka uwarku ta koya muku gaida babba? A kan kafaɗata? Ni sa'arku ce?"

Kunya ta kama su, domin aljanu ma sun san girma. Suka zubo ƙasa suka durƙusa, "Ina kwana, Inna? Ina gajiya?" Inna kuwa ta tattare zani ta zura da gudu, tana amsawa daga nesa, "Lafiya lau, a gaida mutan gida!"

Sai kogi, baƙi ƙirin, ba jirgi ba gada. Wata kainuwa guda ɗaya na shawagi a bakin gaɓa. Ta ce, "Tako ni, 'yar Adam."

Tasalla ta ce, "Ke ɗin? Ko kaza ba za ki ɗauka ba."

"Ni ba na jiran fure, ba na jiran iri. Kaina nake rabawa. Tako ki gani."

Tasalla ta ɗora ƙafa tana addu'a. Kainuwa ta miƙa hannu, wata ta fito a ƙarshensa, waccan ma ta miƙa nata, kafin ƙiftawar ido hanya kore ta shimfiɗu har ƙetare. Tasalla ta bi tana tangaɗi. Da ta waiwaya daga can gaɓar, babu kogi sam, ganye ne ya rufe shi baki da baki, kifaye na tura kai ta tsakani suna neman iska. Nan take ta tuna lambunta.

Saiwar ta ja ta zuwa wani zaure mai tsawon gaske, ƙasansa lulluɓe da baƙar ƙura mai laushi. A bakin zauren wata tsohuwar aljana ta ɗora yatsa a leɓe ta raɗa mata, "Wannan ba ƙura ba ce, 'ya'yan ƙuduji ne da sauran masu barci. Sukan kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru, manomi ya mutu, ɗansa ya gaji gona, suna nan. Ranar da suka ji ƙanshin saiwar dawa, ko fartanya ta juyo su suka ga haske, sai su tashi gaba ɗaya. A nan kuwa murya ke tashe su. In kika yi magana ɗaya, za su tsiro a jikinki."

Jama'a, ramin nan da ƙugiyoyin nan duk wasa ne a kan wannan. A ce Tasalla ta yi shiru! Ta shiga ba takalmi, ƙura na nutsewa da ƙafarta. Magana ta taso mata, ta haɗiye. Wata ta taso, ta danne. Da ta kai tsakiya sai ta tuna wani labari mai daɗi na kazar Ladingo da ta kwanta a kan ƙwan agwagwa, ga shi babu wanda za ta ba. Ta cusa bakin gyale a baki ta cije, hawaye na zuba, gumi na zuba. Tana fita ta ɗaya ƙofar ta tofar da gyale ta ba bango labarin tun daga farko har ƙarshe.

Bayan bangon nan fadar take. Magajiyar Iri na zaune a kan wani masaki kife mai girman rumbu. Gashinta saiwoyi ne da suka bazu suka shige rufin fada, kowace saiwa tana riƙe da wani tsiro a duniya, kuma wadda ke hannun Tasalla a tsakiyar kanta ta ƙare. Aka shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, aka kawo faifai cike da wasu 'ya'yan itace ƙanana, jajaye, masu zaƙi kamar zuma. Tasalla ga yunwa, ga kuma ba a mayar da abincin gidan mutane, ta yi bisimilla ta share faifai.

Sannan ta gyara zama ta ce, "Ranki ya daɗe, ƙara na kawo. 'Yarki mai shuɗin fure ta cinye mini lambu. Ban tsare mata komai ba, ban san ta ba, ban gayyace ta ba. Ki kira abarki."

Magajiya ta yi murmushi, rufin fada ya motsa. Ta ce, "Ya ke Tasalla 'yar mai albasa, 'ya'yana ba su zuwa inda ba a kai su ba. Ki tuna bikin da kika je bayan kogi. A hanyar dawowa kin ga fure a bakin turba, kin tsinke shi, kin soka a ɗankwali. Me kika ce wa 'yata?"

Tasalla ta ce a hankali, "Na ce, zo ki raka ni, hanyar da nisa, ba abokin hira."

"Ta rako ki har gindin rijiyarki. Kin sallame ta?"

"Ranki ya daɗe, ciyawa ce fa!"

"Mai rakiya ce. Dokar birnin nan, mai rakiya ba ya juyawa sai an sallame shi da baki. A garinsu 'yata tana da masu kwaɓarta: ƙwarin da ke cin yawancin 'ya'yanta, da ciyayin da suka san halinta suna ture ta. A garinku babu wanda ya san ta, ko akuya ba ta taɓa ta. Yarinyar da ba mai kwaɓa, ga wuri, ga ruwa, me kike so ta yi?"

Tasalla ta ce, "To yanzu in na koma na sallame ta, shi ke nan?"

"Bakinki bai da wannan iko tukuna, don bai taɓa yi ba. Ga sharaɗina. Ba baƙon da ke barin Birnin Iri babu rakiya, 'ya'yana za su taka miki. Ki sallame su duka kafin ki fita. In kika taka lambunki ke kaɗai, abin da kika ce wa mai shuɗin fure za ta bi. In kuwa ƙwaya ɗaya ta tsallaka tare da ke, ita ta zauna, waccan ta zauna, lambu ya zama nasu har abada."

Tasalla ta bugi ƙirji ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne."

Aka buɗe wata ƙofa ta bayan fada, ga hanya ta miƙe sama, can ƙarshenta ɗan haske. Birni kaf ya fito rakiya. Masu tashi na shawagi a kanta, masu ƙugiya sun kama bakin zani da ladabi, ana kiɗa da busassun ɓawon ɗorawa. Hira kuwa, kai! Kowa da labarin ƙasashen da ya je. Wannan ta kwana a kunnen raƙumi, wancan ya ƙetare teku cikin buhun shinkafa. Tasalla ba ta taɓa samun taron da ya yi mata daɗi haka ba. Ta manta da sharaɗi sam, sai da ƙanshin albasa ya bugi hancinta, ta ɗaga kai ta ga bakin ramin da ta faɗo ta cikinsa, ga sararin sama.

Ta tsaya cak. Ta juyo ta buɗe baki, "To, ra... ra... ranar yau akwai zafi."

Suka ce, "Ƙwarai, Inna."

Ta sake gwadawa, "Ku ko... ku ko... ku ko san kazar Ladingo?"

Abin dariya abin tausayi. Harshe ya ƙi. Sai ta rufe ido, ta tuno kawunan albasar nan farare, ta tattaro ƙarfinta kamar mai ɗaga turmi ta ce, "Rakiyar ta isa. Na gode. Ku koma haka."

Taron ya yi godiya ya juya. Amma Tasalla ta ga halin 'ya'yan gidan nan da idonta, ba ta yarda ba. Ta kwance ɗankwali ta kaɗa, masu farin gashi suka fito daga cikin kitso suna dariya, ta sallame su. Ta bi bakin zani da lalube, ta ciro ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, kowace da tata sallama. A jiƙaƙƙen gefen gyale ta sami ɗan guntun kainuwa bai kai farce ba, yana lumshe ido wai shi bai ji ba. Sannan ta zauna ta juyo tafin ƙafa. Faso ne da ita irin na mai aikin fadama, kuma kowace tsaga cike take da baƙar ƙurar zauren nan, suna ta sharar barci. Ta zaro tsinke daga kitso ta sosoke su tas, ta tara a tafin hannu, ta raɗa musu sallama don kada su farka, ta hure su baya.

Hanya ta yi shiru. Tasalla ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, Tasalla, saura ke kaɗai."

Wata 'yar murya ta ce, "Ƙwarai kuwa, ke kaɗai."

Tasalla ta zabura. "A'uzubillahi! Wa ke nan?"

"Ni ce, Inna. Ina cikin wushiryarki. Wuri mai kyau, ga iska na shigowa."

Ashe ƙwaya ce daga 'ya'yan itacen da ta ci a fada. Tasalla ta ce, "Wace ce ke? Me sunanki?"

"Autar Magajiya ce ni. Ba ni da suna, don ban taɓa fita duniya ba. Mu sai mun je mutane ke raɗa mana. Inna, wai yaya aka ƙare da kazar nan? Tun da kika ambace ta nake son ji."

Wallahi da ta roƙi zinariya da ya fi sauƙi. Tasalla ta zauna a bakin rami ta ba ta labarin kaza. Auta ta yi dariya daidai inda ya kamata, ta yi salati daidai inda ya kamata, ba ta katse ta ko sau ɗaya ba. Daga kaza aka koma bikin bayan kogi, daga biki aka koma kan Jatau: yadda yake dawowa daga kasuwa ya zauna a kan turmi ya ce, "To, ba ni labari," ya yi ta gyaɗa kai ko da ya ji labarin jiya. Tun da ya rasu babu wanda ya sake ce mata haka. In Ladingo ta tafi gida, da kaji take magana. Tasalla ta faɗi wannan duka, abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ta share ido da gyale.

Auta ta ce, "Ki tafi da ni, Inna. Kullum sai in ce ki ba ni labari. Ƙwaya ɗaya ce ni, me zan ci miki?"

Zuciyar Tasalla ta karye, tana son yarinyar nan har ranta. Ta shiga yi wa kanta dabara. Ta ce, "Ai ba lambu zan kai ki ba. A tsohuwar tukunya zan dasa ki, a tsakar gida. Ke kaɗai, ba miji ba dangi, ina za ki yaɗu?"

Auta ta yi dariyar yarinta ta ce, "Miji kuma? Ai furena shi ke auren kansa, Inna. Damina ɗaya sai in cika miki masaki da 'ya'ya, jajaye, masu zaƙi. Tsuntsaye na shigowa gidanki, ko?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, halittarta ke nan. Tasalla ta ɗaga kai ta leƙa waje. Ga fangalin albasa, ga hannun Na-zo-ke-nan ya riga ya naɗe kan albasa na farko yana lanƙwasa shi ƙasa. A zuciyarta ta hango tsuntsayen Tudun Shantu suna cin jajayen 'ya'ya a gidanta suna kashi a gonar kowa, har ta Ladingo.

Ta ɗauki tsinke. Ta zaro ƙwayar, ta ɗora a tafin hannu. 'Yar mitsitsiya ce, mai sheƙi.

Auta ta ce, "Inna, ban ji ƙarshen labarin Baba Jatau ba."

Tasalla ta ce, "Ba shi da ƙarshe, 'yar nan. Auta, rakiyar ta isa. Ban taɓa samun mai rakiya kamarki ba. Na gode. Koma gida, ki gaida uwarki."

Ƙwayar ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Inna." Ta gangara daga tafin hannu, ta bi hanya tana ƙas, ƙas, ƙas, har sautin ya ɓace.

Tasalla ta hau ta fito lambu ita kaɗai, ba mai amsa mata. Ta tsaya a gindin rijiya ta dubi ciyawar da ta rufe gadon uwarta. Wannan karon harshe bai yi gardama ba. Ta ce, "Ke mai shuɗin fure, kin rako ni, na gode. Rakiyar ta isa. Koma haka."

Lambu ya girgiza. Na-zo-ke-nan ta warware hannunta daga kan albasa, ta zare saiwoyinta daga ƙasa, fangali bayan fangali, suka jeru suna gangarawa ramin. Uwar tasu ce ta ƙarshe. Ta rusuna ta ce, "Da tun a bakin rijiyar nan kika faɗa, da ban kwana ba. Sai dai ki sani, 'ya'yana da ke barci cikin ƙasarki ba su ji ba. Duk wadda ta farka, ki sallame ta tun ba ta yi fure ba." Ta shige, ƙasa ta rufe.

Tasalla na tsaye tana tallafe kan albasar da ya lanƙwashe, sai ga Ladingo ta faɗo lambu a guje, ɗankwali a hannu.

"Ke Tasalla! Ina kika shiga? Na duba gida, na duba kasuwa, har rijiya na leƙa! Ina takalmanki? Lā ilaha, ina ciyawar?"

"Ta koma gida. Mu je, labarin da tsawo."

Suka kama hanya, Tasalla na bayarwa, Ladingo na katse ta a kowace gaɓa da "Ƙarya kike!" da "Rantse!", tana dariya inda ba wurin dariya ba. Har ƙofar gidan Tasalla. Nan Ladingo ta ja ta tsaya, ta riƙe ƙugu, tana kallonta ta wutsiyar ido.

Ta ce, "To, tunda yanzu kin iya, sai ki sallame ni."

Tasalla ta dube ta sama da ƙasa. Ta sunkuya ta ciro wata ƙarangiya da ta maƙale a bakin zanin Ladingo, ta ɗaga ta daidai ido ta ce, "Ke, rakiyar ta isa." Ta leƙa zaure ta jefa ta cikin murhu. Sannan ta kama hannun aminiyarta ta ce, "Ke kuwa shigo. Ban kai miki wurin Auta ba."